Likitan da Ya Duba Matacce: Firoid, Dostoyefski da Zancen Kisan Uba

Akwai tambayar da kusan duk wanda ya taɓa sakin labari a cikinmu ya sha ta daga bakin masu karatu: "Wai don Allah labarinki ne?" In jarumar littafi ta sha wuya a hannun kishiyar uwa, sai a fara leƙen gidan da marubuciyar ta tashi. In jarumi ya ƙi jinin ubansa, sai a ce ai ruwa ba ya tsami banza. Mukan yi dariya mu wuce. To an taɓa yi wa ɗaya daga cikin manyan marubutan duniya irin wannan tambayar a rubuce, shekara 47 bayan an binne shi, kuma mai tambayar shi ya ba kansa amsa. Marubucin shi ne Fiyodo Dostoyefski, mutumin Rasha. Mai tambayar kuwa Sigmund Firoid ne, likitan birnin Biyana, wanda ya assasa ilimin nan na tonon zuciya. Amsar da ya bayar a 1928 ta manne wa sunan Dostoyefski kusan rabin ƙarni, har yau ma akwai masu maimaita ta kamar karatun allo.

An haifi Dostoyefski a Mosko a 1821, a wani sashe na asibitin talakawa na Mariyinski inda mahaifinsa, Mikhail, yake aikin likita. Uban mutum ne mai tsanani da saurin fushi. Shi yake koya wa manyan 'ya'yansa Latin da kansa, suna tsaye ƙyam, ba zama ba jingina. Amma ƙanen marubucin, Andire, ya shaida a littafin tarihin rayuwarsa cewa uban bai taɓa dukansu ba, kuma ya gwammace ya takura kansa ya biya kuɗin makaranta mai zaman kanta da ya kai su inda ake bulala. A 1831 ya sayi wani ƙauye mai suna Darobo, a shekara mai bi ya ƙara da na kusa da shi, Ceremoshniya. A Rasha ta wancan zamani in ka sayi ƙauye har da mutanen cikinsa ka saya, domin bayin gona ne, ba a 'yanta su ba sai a 1861. Uwar yaran ta rasu da tarin fuka a 1837. Uban ya ajiye aiki ya koma ƙauye, ya kama shan giya, halinsa ya ƙara muni. Fiyodo kuwa ya shiga makarantar injiniyoyin soja a Fitasbag a farkon 1838.

A wannan makaranta yana cikin 'ya'yan masu kuɗi, shi kuma ba ya son a raina shi. Wasiƙun da ya riƙa aika wa gida suna nan har yau: kuɗin shayi, kuɗin takalma, kuɗin akwatin da zai ajiye littattafansa a sansani. A watan Mayun 1839 uban ya ba shi amsa yana kukan fari da rashin abincin dabbobi, amma duk da haka ya haɗa abin da ya samu ya aika. Bayan 'yan makonni, a watan Yuni, aka tsinci gawar likitan a bayan ƙauye. Takardar hukuma ta ce bugun jini ne. Maganar da ta zaga cikin dangi kuwa ita ce bayinsa ne suka gaji da zaluncinsa suka kashe shi, aka rufe zancen don kada a kwashe mazan ƙauyen zuwa Saberiya marayu su rasa gadonsu. Fiyodo yana da shekara 17 a lokacin. Abin mamaki, mutumin da ya cika dubban shafuka da maganar iyaye da 'ya'ya kusan bai taɓa ambaton yadda mahaifinsa ya mutu ba. 'Yarsa Liyubof ce ta fara fitar da zancen kisan ga duniya a littafin da ta buga da Jamusanci a 1920. A kan wannan shirun Firoid ya kafa tantinsa.

Maƙalar tasa, wadda za mu iya fassara sunanta da "Dostoyefski da Kisan Uba", gabatarwa ce ga wani kundi da aka buga a Jamus mai ɗauke da daftarorin littafin 'Ya'yan Karamazof, wanda masu Turanci suka sani da The Brothers Karamazov. Ya fara da yabo, ya ce babu labarin da aka taɓa rubutawa da ya kai wannan, ya ajiye marubucin kusa da Shekspiya, har ya amsa cewa iliminsa ba shi da ta cewa a kan ita kanta baiwar ƙirƙira. Daga nan ya ajiye baiwar a gefe ya ɗauko mara lafiyar.

Tunanin Firoid a taƙaice shi ne, kowane ɗa namiji yana da wani lokaci a ƙuruciya da yake ganin ubansa a matsayin abokin hamayya wajen samun kulawar uwa, har yana fatan a ce uban ba ya nan. Ya ba wannan hali sunan Odifus, sarkin nan na wasan kwaikwayon Girkawa da ya kashe ubansa ya auri uwarsa bai sani ba. Mun san maganar tana da nauyi a kunne. Abin da yake nufi dai fata ne da ke kwance a ƙuryar zuciya, inda shi kansa yaron bai san da shi ba. Yaro yana girma sai tsoro da ƙauna su danne fatan, siffar uban kuma ta koma cikin zuciyarsa ta zama alƙalin da ke tuhumarsa iya rayuwa. Yawancin mutane a nan abin yake tsayawa. Masifar Dostoyefski, in ji Firoid, ita ce nasa fatan ya tabbata: wasu sun aikata abin da zuciyarsa ta ɓoye. Sai ya zama mai kaza a aljihu, wanda ba ya jimirin "as".

Daga nan komai ya shiga layi. An ruwaito cewa tun yana matashi yakan ji tsoron ya faɗa wani barci mai kama da mutuwa, har yakan bar takarda yana roƙon kada a binne shi sai an jira kwanaki. Firoid ya ce wannan kwaikwayon mamaci ne: ka yi wa ubanka fatan mutuwa, to yanzu kai ne uban, kai ne mataccen. Farfaɗiyar da ta addabe shi kuwa, a cewarsa, ba ciwon ƙwaƙwalwa ba ce, damuwar zuciya ce ta fito a jiki, kuma ta soma tsananta ne daga mutuwar uban. Ɗan lokacin nan na farin ciki marar misali da Dostoyefski yake ji gab da faɗuwa, wanda ya bai wa Yarima Mishkin a littafinsa na Dolo, Firoid ya fassara shi da murnar jin labarin mutuwar uba, faɗuwar da ke biyo baya kuma ita ce hukuncin murnar.

Har kurkuku ma ya samu gurbi. A watan Afrilun 1849 aka kama Dostoyefski tare da wasu matasa masu taruwa a gidan Petrashefski suna tattauna siyasa da littattafan da aka haramta. Babban laifinsa shi ne karanta wa taro wasiƙar da Belinski ya rubuta wa Gogol. Bayan wata takwas a tsare, ranar 22 ga Disamba a kalandar Rasha ta lokacin, aka fito da su dandalin Semiyonof cikin tsananin sanyi, aka karanta musu hukuncin kisa, aka ɗaure mutum uku na farko a jikin turaku, sojoji suka ɗaga bindigogi. Shi yana rukuni na biyu. Sai ga saƙon afuwar sarki, wadda tun farko an shirya ta, an bari ne kawai su ɗanɗani mutuwa. Ɗaya daga cikin ukun da aka ɗaure, Girigoriyef, hankalinsa bai dawo daidai ba har abada. Dostoyefski ya yi shekara huɗu yana aikin wahala a Omsk da mari a ƙafa, ya ƙara wasu shekarun yana soja a Semifalatinsk, bai koma Fitasbag ba sai ƙarshen 1859. Ya dawo yana goyon bayan sarauta da coci. Firoid ya ce dalili a fili yake: Rashawa suna kiran sarkinsu uba, shi kuma ya karɓi hukuncin da bai cancanta ba daga wannan uban a madadin wanda ya cancanta saboda wancan.

Gaskiya in mutum ya karanta 'Ya'yan Karamazof da wannan tabarau, sai tsigar jikinsa ta tashi. Tsoho mashayi, mazinaci, wanda ya watsar da 'ya'yansa, an kashe shi cikin dare. Babban ɗa, Dimitiri, yana rigima da shi a kan kuɗin gado da kuma mace guda, Gurushenka, kuma ya sha faɗa a bainar jama'a cewa zai kashe shi. Na biyu, Iban, mai ilimi ne da ke da'awar cewa in babu lahira komai ya halatta. Na uku, Aliyosha, almajirin gidan zuhudu ne. Sai na huɗu da ba a amsa shi ɗa ba, Simerdiyakof, kukun gidan, wanda shi ne ya yi kisan, kuma mai farfaɗiya ne. Marubuci ya ɗauki ciwonsa ya bai wa mai kisan uba. Ya ɗauki sunansa, Fiyodo, ya bai wa uban da aka kashe. Ƙauyen da kukun yake ta matsa wa Iban ya tafi don ya bar masa fili, sunansa Cermashniya, kusan sunan ƙauyen mahaifinsa da aka tsinci gawar a kusa da shi. Iban bai taɓa tsohon da hannu ba, ya dai yi tafiya ne yana sane da abin da ka iya faruwa, amma laifin ya ci shi har ya zauce, ya tsaya a kotu yana cewa duk mutanen da ke zauren masu fatan mutuwar iyayensu ne. Marubucin ya rubuta wannan tsakanin 1879 da 1880, lokacin Firoid yana ɗalibin likitanci. Shi ya sa muke ganin Firoid bai gano Dostoyefski ba, ya tarar da shi ne zaune a inda ya nufa.

Sai dai ba a nan gizo ke saƙar ba. Ginin Firoid gaba ɗaya yana tsaye ne a kan kwanakin wata, kwanakin kuma ba su goyi bayansa ba. Tun a 1930 masanin tarihi na Ingila, E. H. Carr, ya bi sawun labarin da ke haɗa farkon ciwon da wani bala'i na cikin gida, ya tarar tushensa wani ɗan bayani ne na ƙasan shafi, mai harshen damo, da Orest Miller ya saka a tarihin marubucin na 1883 bisa jita-jitar mutum guda. Waɗanda suka zauna da shi a makarantar soja ba su ba da labarin faɗuwa a can ba. Likitansa Yanofski ya ga alamun ciwon jijiya ne a ƙarshen shekarun 1840, takardar likitan soja kuma ta ce faɗuwar farko ta auku a 1850, a kurkuku. A nan matsalar ta fi girma. In hukunci ne zuciyarsa take nema, ya kamata ciwon ya lafa a Saberiya tunda ta samu abin da take so. Firoid ya faɗi haka da kansa, ya ce zai yi daidai da ra'ayinsa in an tabbatar ciwon ya tsaya a can. Sannan a ƙasan shafi ya amsa cewa yawancin shaidu, har da shi mai ciwon, akasin haka suka ce, amma wai ba a cika yarda da tunanin masu irin wannan larura ba. Wato shaida ta saɓa wa likita, sai likita ya kori shaida.

Likitocin ƙwaƙwalwa da suka zo daga baya, irin su Alajuwanin da Gasto na Faransa, sun bi bayanan da marubucin da matarsa suka bari, domin yakan rubuta ranar faɗuwa da ƙarfinta a littafin ajiyarsa, kuma abin da ya rubuta ya haura ɗari. Yawancinsu cikin barci suke zuwa, da ƙara, da kumfa, da rauni a jiki, da kwanaki na mantuwa da baƙin ciki. Sun yi saɓani a kan wane nau'i ne, amma ba su yi saɓani a kan cewa farfaɗiya ce ta ainihi ba. Mu da muka san yadda ake jingina wannan ciwo ga iska ko sammu a unguwanninmu, ba za mu kasa gane abin da ya faru ba: an ƙi yarda ciwo ciwo ne kawai, sai an nemo masa laifin wani.

Shi kansa kisan ma ya shiga shakka. A 1975 wani mai bincike a Tarayyar Sobiyet, Fiyodorof, ya tono takardun kotun yankin, ya tarar likitoci biyu ne suka duba gawar kowa da kansa suka ce bugun jini ne, kuma maƙwabcin da ke shari'ar fili da gidan, Khotiyayintsef, shi ya sa aka yaɗa maganar kisa. In da an kwashe bayin, filin zai faɗo masa a arha. Masana ba su gama gardama a kan wannan ba, akwai masu ganin cin hanci ne ya rufe bakin likitocin. Amma mu lura, ko da kisan bai auku ba, ba lallai ne hakan ya rusa Firoid ba, domin abin da ke aiki a zuciya shi ne abin da yaron ya gaskata. Yusuf Frank, Ba'amurken da ya rubuta tarihin marubucin a mujalladi biyar, ya yarda akwai jin laifi, sai dai ya nemo masa tushe mafi kusa da ƙasa. Saurayi ya matsa wa ubansa da neman kuɗin shayi a shekarar fari, uba ya matsa wa bayi, bayi suka kai bango. Wannan bayanin ya fi kwanta mana, don ba ya bukatar mu shiga ɗakin da ba mu da mabuɗinsa, kuma yana bayyana abin da Firoid ya tsallake: me ya sa wannan saurayin, bayan shekara goma, ya sa wuyansa a ƙungiyar da babban burinta a 'yanta bayin gona.

Akwai kuma wani mutum da ya kamata mu sani. A kurkukun Omsk, Dostoyefski ya zauna da wani tsohon hafsa mai suna Dimitiri Iliyinski, wanda aka ɗaure shekara 20 bisa zargin ya kashe ubansa don gado. Mutum ne mai wasa da dariya, kuma marubucin ya ba da labarinsa a farkon littafinsa na Gidan Matattu cikin mamakin rashin nadamarsa. Ana cikin buga littafin kashi-kashi sai labari ya iso daga Saberiya cewa an gano masu laifin na gaskiya, mutumin ya yi shekara goma a ɗaure a banza. Dostoyefski ya ƙara bayani a wani babi na gaba yana sanar da masu karatu. A daftarorin farko na Karamazof, sunan Iliyinski yake kiran Dimitiri da shi. Ke nan ƙashin bayan littafin bai fito daga mafarki ba, ya fito ne daga mutumin da suka kwana ɗaki ɗaya, wanda marubucin da kansa ya taɓa yi wa kallon mai laifi.

Inda muke ganin Firoid ya taɓo gaskiya shi ne caca. Daga 1863 zuwa 1871 Dostoyefski ya zama bawan teburin rulet a garuruwan shaƙatawa na Jamus, Wisbadin da Badin-Badin da Hombag. Littafinsa na Ɗan Caca ma caca ce ta haife shi: bashi ya sa ya sa hannu a yarjejeniya da wani mai buga littattafai, Sitelofski, cewa in bai kawo sabon labari ba zuwa 1 ga Nuwamban 1866, mutumin zai riƙa buga duk abin da ya rubuta har shekara tara ba ko sisi. Ya ɗauko wata budurwa mai shekara 20 da ta iya rubutun gaggawa, Anna Sinitkina, ya yi mata shifta cikin kwana 26, bayan 'yan watanni ya aure ta. Ita ce ta ga abin da idonta. Ya jinginar da 'yan kunnenta da zoben aurensu da tufafinsu, ya dawo ya durƙusa yana kuka yana zagin kansa, ta ba shi na ƙarshe, ya koma. Ita ce kuma ta lura cewa rubutunsa ya fi gudu bayan ya rasa komai. Firoid ya ce to ai ga shi, ba riba yake nema ba, faɗuwa yake nema, in ya hukunta kansa ya ƙoshi sai alƙalin ciki ya sassauta ya bar shi ya yi aiki. Wannan bayani ne mai ƙarfi. Sauran abin da ya ɗora a kai, na danganta cacar da wata ɓoyayyar ɗabi'ar ƙuruciya, bai kawo masa hujja ko ɗaya daga rayuwar mutumin ba, wani gajeren labari na abokinsa Sitefan Zwaig ya jawo ya cike gurbin. Yadda cacar ta ƙare ma abin lura ne. A watan Afrilun 1871 ya rubuto wa Anna daga Wisbadin, bayan ya sake asara, cewa ya yi mafarkin mahaifinsa cikin wata mummunar kama da sau biyu kawai ya taɓa ganinsa da ita, kuma kowane karo masifa ta biyo baya. Ya yi alkawarin ya daina, kamar yadda ya sha yi. Wannan karon bai koma ba.

Ga mu masu koyon rubutu, abin da ya fi amfani shi ne mu ga yadda abu yake canza kama tsakanin rayuwa da takarda. A 1837, a kan hanyarsu ta zuwa Fitasbag, Fiyodo ya ga wani manzon gwamnati ya hau keken doki yana naushin ƙeyar direban ba ƙaƙƙautawa, direban kuma yana sauke zafin a kan dawakai da bulala. Ya ba da wannan labari a mujallarsa a 1876, kuma ya ambace shi a daftarin Laifi da Hukunci. Amma a cikin littafin ba manzo, ba keken gwamnati. Abin da muka samu mafarki ne: Raskolnikof, kafin ya kashe tsohuwa mai ba da bashi, ya ga kansa yana ɗan shekara bakwai, riƙe da hannun ubansa, wani mashayi yana dukan wata ramammiyar goɗiya har ta mutu. Yaron ya ruga ya rungume kanta, uban kuwa yana jan sa yana cewa ba ruwansu. Mai neman tarihin marubuci zai tsaya a kan manzon ya ce ya gano. Amma aikin yana wurin da aka sauya: an mai da mai mafarkin ya zama shi ne yaron mai tausayi, kuma shi ne zai ɗaga gatari gobe. Uban da ke cikin mafarkin ma ba azzalumi ba ne, rauni ne laifinsa.

Hanyar karanta mutum daga taurarinsa tana da haɗari, kuma Dostoyefski ya ɗanɗana shi bayan ransa. A littafin Shaiɗanu ya rubuta babin da Sitabrogin yake furta cewa ya lalata wata yarinya, editan mujallar ya ƙi bugawa, bai fito ba sai 1922. A 1883 wani tsohon abokinsa, Sitirakhof, ya rubuta wa Tolstoyi wasiƙa yana jingina wa marubucin kansa irin wannan aiki, bisa "an ce". Da aka buga wasiƙar a 1913 Anna ta ƙaryata da kakkausar murya, kuma har yau babu wanda ya kawo hujja. Duk da haka Firoid ya ambaci zancen a cikin abubuwan da yake auna halin mutumin da su.

Akwai abin da maƙalar ba ta ba shi muhimmanci ba, alhali shi ne mafi kusa da littafin. A watan Mayun 1878 ƙaramin ɗan Dostoyefski, Aliyosha, ya faɗi da farfaɗiya ya rasu, saura kaɗan ya cika shekara uku. Anna ta ce abin da ya fi cin uban shi ne sanin cewa daga jikinsa yaron ya gaji ciwon. Ciwon da ake gada kuwa ba damuwar zuciya ba ne. A watan Yuni ya tafi gidan zuhudu na Oftina ya gana da dattijo Ambrosi, ya dawo ya fara rubutu. Ya sa wa jaruminsa sunan yaron. Ya saka wata baƙauya da ta zo wurin dattijo Zosima tana kukan ɗanta Aleksi da ya mutu saura wata uku ya cika shekara uku. Ya rufe littafin da jana'izar wani yaro, Iliyusha, wanda ya tsaya wa ubansa matalauci lokacin da aka ja gemunsa a titi. Firoid ya karanta littafin a matsayin na ɗa mai jin laifin ubansa. Wanda ya riƙe alƙalamin kuwa uba ne mai shekara 57 da ya binne 'ya'ya biyu, wanda ya sa wa mugun uban cikin labarin sunansa. Shi kuma Firoid, shi ne mutumin da ya rubuta a 1908 cewa littafinsa na fassarar mafarki martani ne ga mutuwar nasa mahaifin a 1896, kuma ya amsa wa almajirinsa Tiyodo Raik a wasiƙar 1929 cewa duk da yabon da yake yi, ba ya ƙaunar Dostoyefski.

Marubucin kamar ya hango zuwan irin wannan likita. A shari'ar Dimitiri ya kawo likitoci uku su auna hankalinsa daga yadda ya shigo kotu. Na farko ya ce da lafiyarsa ƙalau da hagu zai duba, wajen mata, tunda mai son mata ne. Na biyu ya ce a'a, dama ya kamata ya duba, wajen lauyansa. Na uku ya ce kallon gaba da ya yi, wajen alƙalai, shi ne alamar lafiya. Lauyan da ke kare shi kuma ya ɗauki hujjojin halayya da mai gabatar da ƙara ya kawo, ya juya kowacce ta nuna akasin abin da aka ce, yana kwatanta ilimin da sandar da ake iya duka da kowane ƙarshenta. Firoid ya ga wannan shaguɓen. Ya ce ɓad-da-kama ce, in ka juya ta za ka ga ma'anar da ya faɗa.

Shekarar da maƙalar ta fito, a watan Satumban 1928, wani likitan haƙori daga Riga ya mutu yana hawan dutse da ɗansa a yankin Tirol na Ostiriya. Aka kama ɗan, Filib Halsman, mai shekara 22, Bayahude a wurin da ƙin jinin Yahudawa ya yi ƙarfi, aka yanke masa shekara goma ba tare da wani dalilin kisa da aka tabbatar ba, a shari'a ta biyu aka mai da ita huɗu. Malaman likitanci na jami'ar Insburuk da aka nemi ra'ayinsu sun jawo zancen Odifus cikin rahotonsu. Aka nemi Firoid ya ce wani abu, sai ya rubuta ɗan gajeren bayani da ya fito a 1931. Ya ce tunda wannan hali yana cikin kowa, ba zai iya zama hujjar cewa wane ya aikata ba. Misalin da ya kawo don ya kare saurayin kuwa shi ne Dimitiri Karamazof, wanda ya ƙi ubansa, ya yi barazanar kashe shi, kotu ta ɗaure shi, alhali wani ne ya yi kisan. Shugaban Ostiriya ya riga ya yi wa Halsman afuwa a 1930. Ya koma Faris, daga can ya wuce Amurka, ya zama mai ɗaukar hoto, hotunansa suka hau bangon mujallar Life fiye da sau ɗari.